Filin Tambayoyinku: Wace Ƴar Kwamfuta Zan Saya, Kuma Yaya Za Ta Jure Zafin Nan Namu?

Wasiƙun wannan karon duk sun taru a kan ƴan ƙananan kwamfutocin nan masu falle ɗaya, irin su Raspberry Pi. Na taƙaita wasu don fili ya ishe mu. Daga teburin aikina a nan Yamai nake amsawa, kuma abin da hannuna ya taɓa shi zan faɗa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar Tawa. Ina kallon bidiyon masu haɗa abubuwa da Raspberry Pi, abin ya shiga raina ƙwarai. Yayana zai dawo daga Faransa, ya ce in faɗi abin da nake so ya riƙo mini. Da na duba sai na ga akwai 3, akwai 4, akwai 5, ga kuma Zero. Abokaina sun ce in ce 5 kawai, tunda ita ce babba. Burina in koyi Python, in riƙa sarrafa fitilu da ƴan injuna. Wacce zan ce?
Wani ɗalibi, Tawa

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya dawo da yaya lafiya. Ka ce masa Pi 4 mai RAM gigabait 4 (RAM ita ce ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta). Ga dalilina.

Abin da ake kira Raspberry Pi kwamfuta ce cikakkiya a kan koren falle guda, tsawonsa milimita 85, faɗinsa 56. Ƙwaƙwalwa da RAM da kafofin USB da kafar HDMI duk suna manne a jiki. Ba ta da allo, ba ta da kibod, ba ta da batir, kuma a kan katin memori take tashi. Eben Upton da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila ne suka ƙirƙiro ta don yara su koyi rubuta manhaja, aka fara sayar da ita a Fabrairun 2012 a kan dalar Amurka 35. Ka riƙe wannan tarihin, domin don mai koyo irinka aka yi ta tun asali, kuma ta farkon nan mai RAM megabait 256 ma an koyi Python, harshen rubuta manhaja, a kanta.

Pi 3 ta fito a 2016, ita ce ta fara zuwa da wifi da Bluetooth a jiki, amma RAM ɗinta gigabait 1 ne kacal, da ka buɗe shafukan intanet biyu ko uku sai ta fara jan ƙafa. Pi 4 ta zo a Yunin 2019. Pi 5 kuma a Oktoban 2023, ta ninka Pi 4 sauri har fiye. Abokanka ba su yi ƙarya ba. Abin da ba su faɗa maka ba shi ne cinta da zafinta. Pi 4 volt 5 da amfiya 3 take nema. Pi 5 amfiya 5 take so, in ka ba ta 3 za ta tashi, amma sai ta rage wutar da take ba kafofin USB. Kuma in ta ɗauki aiki mai nauyi dole sai da fanka. A ɗakin ɗalibi a Tawa, inda kuran, wato wutar lantarki, ke ɗaukewa ya dawo, ga zafin Afrilu, wadda ba ta da ci sosai ta fi zama lafiya. Zero 2 W kuwa, wadda ta fito a 2021 a kan dalar Amurka 15, kyakkyawa ce ga aikin da an riga an san shi, za a saka ta a akwati a manta da ita. RAM ɗinta megabait 512 ne. Ba ta dace da wanda zai zauna gaban allo yana koyo ba.

Yanzu ga abin da ya fi zaɓin lambar muhimmanci. Kada yaya ya zo maka da fallen tsirara. Bambancin kuɗin da ke tsakanin 4 da 5, ya zuba shi a kan kayan da ke da wuyar samu a nan. Na farko cajar kamfanin ta asali mai bakin USB-C, wadda ke ba da volt 5.1. Wadda zai saya a Faransa bakinta zai shiga soket ɗinmu ba sai da wani abu ba. Sai wayar HDMI mai ƙaramin baki, domin kafar Pi 4 ƙarama ce, wayar talabijin ta gida ba ta shiga. Sai katin memori na gaske mai gigabait 32 da alamar A1 a jikinsa. Sai akwatin alminiyom mai shan zafi. Sannan ƴar jakar kayan koyo: farantin gwaji mai ramuka, wayoyin haɗi, ƴan fitilun LED, da rezista masu rage ƙarfin wuta. Kibod da maus kam ko a Tawa za ka samu, kowane iri mai USB zai yi.

Zancen caja ina so ka ɗauke shi da gaske. Kwanakin baya wani yaro ya kawo mini Pi 4 yana cewa an sayar masa da matacciya, tana cikin aiki sai ta mutu ta sake tashi. Na karɓi cajarsa, irin ta wayar salula ce, an rubuta amfiya 3 a jiki, amma ba ta da nauyi a hannu, wayarta siririya. Na ɗora mita a kan tsinken volt 5, na ce ya buɗe bidiyo. Muna kallo lambar ta zube ƙasa, jar fitilar fallen ta ɗauke, gargaɗi ya fito a kusurwar allo. Ita Pi da zarar wuta ta sauka ƙasa da volt 4.63 take fara kuka. Muka canza caja da waya, shi ke nan, lafiyarta lau. Yawancin waɗanda ake kawo mini da sunan sun lalace, ciwonsu ke nan.

In ta iso, ka sauke manhajar Raspberry Pi Imager a kwamfutar wani, ka yi amfani da ita ka rubuta tsarin aikinta, Raspberry Pi OS, a kan katin. Python da Thonny, manhajar da ake rubuta shi a cikinta, suna ciki, ba sai ka nemo ba. A gefen fallen za ka ga ƴan tsinkayen ƙarfe 40 a jere biyu, su ne GPIO, ta nan kwamfutar ke taɓa duniya. Aikinka na farko: doguwar ƙafar LED ta bi ta rezista mai om 330 zuwa tsinke na 11, wato GPIO17, gajeriyar ƙafar ta tafi tsinke na 6. Layi biyar ko shida na Python da gpiozero, kayan Python na sarrafa tsinkayen, sun isa fitilar ta riƙa ƙyaftawa. Ranar da ta ƙyafta da umarninka za ka ji abin da ya sa muka kasa barin wannan sana'a.

Abu biyu kada ka manta. Tsinkayen nan volt 3.3 suke ɗauka, in ka kai musu 5 kana iya ƙona ƙwaƙwalwar, kuma ba ta gyaruwa. Sannan ba a ɗaura mota, wato ɗan injin lantarki mai juyawa, kai tsaye a kansu, sai ta hanyar taransista ko ƙaramin fallen tuƙa mota irin L298N, da batirinta daban. Kuran gida mai volt 220 kuwa ka bar shi tukuna, sai ka samu wanda ya san aikin yana tsaye a kanka. Wannan ba ƙona falle yake yi ba, rai yake ɗauka.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Pi 4 gare ni, na sa ta tana nuna fina-finai a talabijin ɗin shagona. Da safe lafiya lau, amma daga azahar sai hoto ya riƙa tsayawa. Ko cuta ce ta shige ta?
Wani mai shago, Wadata, Yamai

Amsa: Barka kadai, maigida. Ba cuta ba ce, zafi ne. In ƙwaƙwalwarta ta kai digiri 80 sai ta fara rage gudunta da kanta don kada ta lalace, a 85 ta ƙara ragewa. Wanda ke Turai ɗakinsa bai fi digiri 20 da ƴan kai ba, yana da sarari mai yawa kafin 80. Kai kuwa a Afrilu da Mayu iskar waje ma ta haura 40, balle cikin shago mai rufin kwano, balle kuma in ka liƙa ta a bayan talabijin inda zafi ke fita. Ka buɗe tagar umarni ka rubuta vcgencmd measure_temp da safe, ka sake rubutawa da azahar, za ka ga bambancin da idonka.

Ka cire ta daga akwatin roba mai rufi, ka sa mata na alminiyom wanda jikinsa duka ke shan zafi, ka matsar da ita nesa da talabijin inda iska ke ratsawa. Na fi son wannan akwatin a kan fanka, saboda ƙurar hunturu. Ƴar fankar nan tana zuƙo ƙura ta tara a kan falle, in an jima ta fara ƙara, ta tsaya. In dole sai fanka, to ka riƙa share ta da busasshen buroshi mai laushi bayan ka kashe wuta.

Tambaya: Gaisuwa mai yawa Malam. Ni malamar lakwal ce a bakin gari. Ba mu da intanet, kuɗin data kuma ya fi ƙarfin iyaye. Na ji an ce ana iya zuba littattafai da Wikipedia a cikin ƴar kwamfutar nan yara su riƙa karantawa ba da intanet ba. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me zan tanada? Kuran namu yana yawan ɗaukewa, amma muna da farantin sola ɗaya da batir da muke kunna fitila.
Wata malama, Yamai

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Gaskiya ne, kuma cikin duk abin da ake yi da na'urar nan babu wanda ya kai wannan daɗi a raina.

Manhajar sunanta Kiwix, kyauta ce. Tana dunƙule Wikipedia gaba ɗaya a fayil guda da ake kira ZIM. Akwai ta Faransanci, akwai ta Hausa, akwai Vikidia da aka rubuta don yara. Ana zuba su a kati sau ɗaya a wurin da intanet ke da ƙarfi, daga nan an gama. Pi ɗin sai ta buɗe nata wifi, duk mai waya ko kwamfuta a aji ya shiga, ya buɗe shafi ya yi ta karatu, ba a taɓa data ko kaɗan ba. Akwai kuma Kolibri, wadda ta fi karkata ga darussa da bidiyo da atisaye, har malami ya ga inda kowane yaro ya kai. Pi 4 ta isa wannan aiki, ba ya ma buƙatar allo ko kibod bayan an gama saiti. Kati dai ki nemi babba, gigabait 128, domin Wikipedia ta Faransanci mai hotuna tana da nauyi. Ta Hausa ba ta da nauyi, kuma ina roƙonki kada ki bar ta a baya. Yaron da ya ga labarin garinsu a harshen da ake masa magana a gida, zamansa gaban allo daban ne. In wayoyi suka yi yawa a lokaci guda wifin jikinta yana gajiya, sai a ƙara mata ƴar rauta ta waya.

Ɗaukewar kuran ita ce babbar matsalarki, kuma ba fallen take kashewa ba, katin take ɓatawa. Kwamfutar kusan kullum tana rubuta wani abu a kati. In wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, wata rana za ki kunna ta ƙi tashi. Don haka kada ki haɗa ta da kuran gari sam. Ki ɗaura ta a kan batirin solar nan naku mai volt 12, ta hanyar ƴar na'urar da ke sauke wuta daga 12 zuwa 5, mai iya ba da amfiya 3 ko fiye. Ba sai an bi ta inbata ba, asarar wuta ce kawai. Mai haɗa muku sola zai gane abin da nake nufi, amma ki sa ya auna da mita ya tabbatar volt 5 ke fita kafin a soka wa kwamfutar.

Ga lissafin, don ki san ko batirinku zai ɗauka. Ki ƙaddara tana cin wat 5. In ta kwana ta wuni a kunne, wat 120 ke nan na awa, wato amfiya 10 na awa daga batir mai volt 12. In kuwa awa takwas na lakwal kawai za ta yi, kashi ɗaya cikin uku na wannan ne. Batirin da ke riƙe fitilun aji ba zai ji wannan sosai ba, muddin farantin yana samun rana kuma ana goge masa ƙura. Bankin cajin waya ban ba ki shawararsa ba, da yawansu suna yanke wuta na ɗan ƙiftawa lokacin da aka soka su a caji ko aka cire, wannan ƙiftawar kuwa ta isa.

Bayan an gama zuba komai, a shiga raspi-config, manhajar saitin Pi, a kunna tsarin da ke hana rubutu a kan kati, sunansa overlay. Daga nan ko yaro ya fizge waya ba abin da zai samu katin. Wannan ya dace da Kiwix, tunda karatu kawai ake yi. In Kolibri ce kuma kina son ta riƙe makin yara, to dole ta yi rubutu, sai ki koya wa kowa kashe ta ta hanyar umarni kafin a cire wuta. Ki kuma sa a kwafi katin gaba ɗaya a kan wani, ki ajiye na biyun a ambulan cikin durowarki. Ranar da na farko ya ƙi, canzawa kawai za ki yi, darasi ya ci gaba. Wurin sayen kati a yi hattara, akwai na jabu da aka rubuta wa 128 alhali cikinsu bai kai ko kusa ba. A gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta kafin a zuba masa komai.

Wani abu da zai ba ki mamaki: Pi 4 ba ta da agogon da ke tafiya in an kashe ta, daga intanet take karɓar lokaci. A lakwal ɗinku za ki ga kwanan wata ya tsaya a baya. Ga Kiwix wannan ba komai. In kina buƙatar lokaci daidai, ƙaramin fallen agogo DS3231 mai ƴar batir yana magance shi.

Tambaya: Malam, ni mai gyaran waya ne. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Sin ya ce zai kawo mini Orange Pi, ta fi araha kuma lambobinta sun fi girma. In karɓa?
Wani mai gyara, Katako, Yamai

Amsa: Abokin sana'a, ba jabu ba ce, wani kamfani ne a Shenzhen ke yin ta, wasu samfuranta ma suna da ƙarfi sosai. Inda take da rauni shi ne manhaja da masu taimako. In Raspberry Pi ta ba ka matsala, da wuya a ce ba wanda ya taɓa cin karo da irinta ya rubuta maganinta, har da Faransanci. Ita kuwa wani lokacin kai kaɗai za ka yi ta fama. Kafin ka ba da kuɗi ka karɓi cikakken sunan samfurin, ka duba ko Armbian, wani tsarin aiki na Linux da ake yi wa irin waɗannan kwamfutoci, na tallafa masa. In yana ciki, kuma ka taɓa aiki da Linux, karɓi. In wannan ce ta farkonka, ka fara da Raspberry.

Tambaya: Ɗana, ina yi maka fatan alheri. Na yi ritaya, ina kiwon kaji da zabbi a gida. Ina so in haɗa injin ƙyanƙyasa da tsohon firij, ya riƙa auna zafi yana juya ƙwai da kansa. Jikana ya ce sai an sayi Raspberry Pi 5. Kafin in fid da kuɗin fansho na ce bari in tambaya.
Wani dattijo, Tawa

Amsa: Baba, na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ku mayar da kuɗinku aljihu. Sayen Pi 5 don kunna ƙwan fitila da kashe shi kamar ɗaukar hayar babbar mota ne don kai tiyar gero ɗaya gida.

Aikin da kuke so ba na kwamfuta ba ne, na ƙaramin abu ne da ake kira maikurokontirola. Shi ba ya da tsarin aiki mai nauyi, ba ya da katin da zai ɓaci. Umarni ɗaya aka zuba masa, shi yake ta maimaitawa. In kuran ya ɗauke ya dawo, nan take ya ci gaba daga aikinsa, ita kuwa kwamfuta sai ta ɗauki lokaci tana tashi, wata rana ma ta ƙi. Ƙwai ba sa jiran wannan. Kamfanin Raspberry ɗin da kansa yana yin irinsa, sunansa Pico, ya fito a Janairun 2021 a kan dalar Amurka 4, kuma ana rubuta masa MicroPython, ƙaramin nau'in harshen Python, don haka jikanku zai sami abin koyo. Wani irinsa, Arduino Uno, ma ya isa. In yana son ya riƙa ganin zafin a wayarsa, sai ya nemi ESP32 ko Pico W, suna da wifi.

Abin da za a haɗa masa: na'urar auna zafi DS18B20 a rataye daidai tsayin ƙwai, wata ta auna laima irin DHT22, rile, wato makunnin da Pico ke sarrafawa, mai kunna abin ɗumamawa, ƴar fanka mai gauraya iska, da mota mai tafiya a hankali don karkata tiren ƙwai. In an yi komai da volt 12 a kan batir da sola, an huta da haɗarin kuran gida, an kuma huta da ɗaukewarsa. Zafin da ake nema wajen digiri 37.5 ne. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo 26 zuwa 28, saboda haka kada a zuba su rana ɗaya a sa ran su fashe tare. Kwana uku na ƙarshe a daina juyawa, a ƙara ruwa a tasa don laima ta hau. Zan kuma faɗa muku gaskiya, Baba: in ƙyanƙyasar kawai kuke so, akwai ƴar na'urar daidaita zafi da ake sayarwa a haɗe, STC-1000, ba ta buƙatar a rubuta mata komai. Ni da zan ba ku shawara, ita za ta riƙe zafin, shi kuma yaron ya ɗauki juya ƙwai da rubuta awo a kan Pico. In ya yi kuskure a manhajarsa, ƙwanku ba su mutu ba.

Sai dai akwai abin da zane-zanen intanet ba za su gaya wa jikanku ba, domin masu yin su a ƙasashen sanyi suke. Su damuwarsu yadda za a ɗumama akwati. A Tawa, a watannin bazara, zafin ɗaki da rana yana wuce wanda ƙwan ke so. Na'urar za ta kashe abin ɗumamawa, amma ba ta da yadda za ta sanyaya, zafin ya yi ta hawa, kuma awoyi kaɗan sama da digiri 40 suna iya kashe ɗan tsako a cikin ƙwai. Don haka ku ajiye firij ɗin a ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ba ƙarƙashin kwano ba, yaron kuma ya sa ƙararrawa ta yi kuka in awo ya kai 39. Ku bar injin ya yi kwana biyu ko uku yana aiki babu ƙwai, kuna duba shi da ma'aunin zafi na asibiti safe da azahar da dare. In ku ka ga da azahar yana wuce iyaka duk da haka, ku dakata da zubi sai damina ta sauka, lokacin ne ma zabbi ke yin ƙwai sosai.